Gyaran Gangar Auzinawa

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Tinubu ya tsaya a dandalin Eagle da ke Abuja ya ce tallafin mai ya tafi, likitocin Kano suka shiga uku da ƙazafi. Duk magidancin da ka gani a kan keke, gumi na tsiyaya daga ƙarƙashin hularsa, in ka yi masa sannu sai ya ce, "Ai likita ne ya ce in riƙa motsa jiki." Litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ba ta kuma tsaya nan ba, amma har yau ban gamu da mutum ɗaya da ya ce tsadar mai ce ta sauko da shi daga mota ba. Wannan hawan jini, wancan suga. Ni ma da layi ya zo kaina, na lulluɓe 'yar motata da tamfol a ƙofar gida, na sanar a majalisa cewa tumbi nake so in rage. Wani ya dube ni sama da ƙasa ya ce shi bai ga tumbin ba. Na ce rigakafi ya fi magani.

Keken ba saye na yi ba, gado na ci. A soron gidanmu na Fagge akwai Raleigh ɗin marigayi mahaifinmu, baƙi, mai birkin sanda, a jingine bayan buhunan gawayi. Yaran yanzu ba su san nauyin wannan suna ba. Kamfanin na birnin Nottingham ne a Ingila, kuma har masana'anta ya yi a nan Bompai. Tallar da ya yi suna da ita ta wani mutum ce da zaki ya biyo, ya taka kekensa ya tsere yana murmushi. A zamanin su Baba, in malamin makaranta ko akawun En'e ya sayi Raleigh sai an zo yi masa murna. A naɗe jikin keken don kada fenti ya goge, a yanka masa lasin, a saka masa fitila saboda 'yan doka. Na fito da shi, na wanke, na sa aka canza taya da tiyub, sannan na zauna da biro da takarda na lissafa abin da zan riƙa tsimi duk wata. Adadin ya yi daɗin gani har na kai wa uwargida. Ta duba, ta ce, "Allah ya sa," ta ninke takardar ta jefa a cikin kwalla.

Wata Asabar cikin Agusta, bayan an sheƙa ruwa da safe, ta ce shinkafa ta ƙare, mai ma ya kusa. Daga gidanmu zuwa kasuwar Singa ba wani nisa. Na sayi rabin buhun shinkafa, da jarkar man gyaɗa, na ƙara da katan ɗin taliya don na ga an yi sauƙi. Wani mai baro ya matso ya ce, "Alhaji, a kai maka?" Wani mai Adaidaita Sahu ma ya rage gudu yana leƙe na. Na ce duk su yi gaba, ni da abin hawana na zo. Na jibga kaya a kariya, na ɗaure da robar tiyub, na ɗaga ƙafa da ƙyar na haye. In aka haɗa nauyina da na kayan, abin da ke kan wilin baya ya haura buhu biyu na siminti, wilin kuwa ya girme ni.

Wanda ya san wannan yanki da damina ya san ruwa ba ya tambayar ina ne titi ina ne kwata. Duka yake shafe su, ya bar maka shimfiɗa guda. Jama'a duk sun cunkushe a tsakiya, kowa na bin sawun motar da ke gabansa. Ni kuwa na hango wani gefe fetal babu kowa, na yi mamakin wautar mutanen Kano da suka bar hanya mai kyau suna turereniya. Na karkata kan keke na taka da ƙarfi. Wilin gaba ya tsallake da ikon Allah. Na baya ya faɗa. Na ji "ƙwas!" daga ƙasa, sirdi ya aiko mini da saƙo har tsakar ka, jarkar mai ta kama gabanta, ni kuma na sami kaina tsaye cikin ruwa har ƙauri, takalmi ƙafa ɗaya ya tafi yawon duniya.

Kano ba a rasa 'yan jaje. Kafin in gyara zaman hula an kewaye ni. "Sannu, Alhaji." "Allah ya tsare gaba." "Ai ramin nan jiya ma ya ci wani mai kifi." Wani dattijo ya ce da na tambaye shi da ya gaya mini, ban dai san ta inda zan gane cewa shi ne mai kula da ramin ba. Aka ciro keken, na tura, wilin ya yi rabin juyi ya cije. Da na tsuguna na duba ta baya sai na ga ya karkace, ya je dama ya goga birki, ya dawo hagu ya goga ƙarfen jikin keken.

Mai baron nan da na kora ashe bai yi nisa ba. Bai ce uffan ba, ya dai tsaya kusa yana sakace. Kuɗin da ya faɗa yanzu ya ninka na ɗazu, domin a cewarsa ɗazu shinkafa ce kawai, yanzu kuwa har da marar lafiya. Haka muka ratso ta Wapa, keke a kwance kan buhu, ni a baya ina ɗingishi da takalmi ƙafa ɗaya, 'yan canji na miƙo wuya suna cewa, "Alhaji, dala ko riyal?" Duk wanda ya dubi halin da nake ciki ya tambaye ni dala, Allah ya saka masa da alherin kyautata zato.

A bakin layinmu akwai wani saurayi mai faci da gyaran keke. Ya ɗaga bayan keken, ya juya wilin, ya ce, "Kawu, ɗauri ne kawai. Ka bar shi, ka dawo bayan La'asar." Ya faɗi kuɗi. Ba wani kuɗi ba ne, bai ma kai abin da na ba mai baro ba. Amma sai zuciya ta ce da ni: in dai ɗauri ne, kai me ya sami hannunka? Na yi digiri. Na taɓa koyar da kimiyya a sakandare, har na zana wa yara yadda duniya ke juyawa. Wilin keke ne zai gagare ni? Na ce da yaron zan yi shawara.

Da daddare na sayi data na shiga YouTube. Wani Bature mai gemu, a wani ɗaki fes mai fitilu, ya ɗora wili a kan wata na'ura, ya juya, ya taɓa nan ya taɓa can da wani ɗan makulli, sai ga wili ya miƙe. Bidiyon na da tsawo, mutumin kuma akwai surutu, don haka na tsallake wuraren da yake bayani na kalli wurin aikin kawai. Mai ilimi ishara ta ishe shi.

Washegari na kife keken a tsakar gida, sirdi a ƙasa, ƙafafu a sama, na cire taya da tiyub. Yara suka jeru a kan tabarma. Uwargida ta jawo kujera 'yar tsuguno tana shanya shinkafar da ta sha ruwan jiya. Ɗan makullin Bature ba ni da shi, amma ina da filaya. Ga wanda bai taɓa kula ba, kowane tsinken wili daga cibiya yake tasowa, ya zo ya shiga wani ɗan dogon noti da ke zaune cikin hudar wilin. Rabin tsinkayen daga gefen dama na cibiyar suke tasowa, rabi daga hagu, kowane ɓangare na jan wilin zuwa wajensa. Wannan duk na gane shi sarai, har na yi wa yara bayani. Abin da ya rage ƙanana ne: wanne za a ɗaure, kuma ta ina ake murɗawa.

Hankali ya ba ni cewa inda ciwo yake nan ake sa magani. Wili ya karkata dama, don haka na kama tsinkayen dama na daidai wurin. Notocin nan rabonsu da motsi tun mulkin Shagari. Na farko ya ƙi, na ƙara ƙarfi, filaya ta cinye kafaɗunsa ya koma mulmulalle. Na kusa da shi ya yarda ya juya, na yi ta murɗa shi har sai da raina ya yi daɗi. Na juya wili, karkatar ta ƙaru. Na ce to ashe baya ake yi. Na kwance shi, na kwance maƙwabtansa, na je can gaba na ɗaure waɗansu don kada su ga an bar su. Ana cikin haka wani tsinke ya ce "tas!", ya fita ta hudarsa, ya wuce ta gefen kunnena ya bugi langar da ke kife a bakin rijiya. Autana ya yi tafi. Uwargida ta ce, "Malam, in da sauran harbi ka faɗa in kwashe yaran."

Na kwashi aikina na koma ƙofar gida, inda ake da maza masu fahimta. Nan maƙwabcina ya same ni, wani ɗan fansho da bai taɓa rasa shawara a kan komai ba, daga ciwon ƙoda har rikicin Gabas ta Tsakiya. Ya dubi wilin ya girgiza kai. "Malam, ai ba a yi wa ƙarfe lallashi. A zamaninmu kwantar da shi ake yi a taka." Muka cire wilin daga jikin keke, muka aiki yaro ya gangaro da turmin uwargida, muka zura cibiyar a bakinsa. Shi ya danne gefe ɗaya da hannu, ni na hau ɗaya gefen da takalmi. Na danna, shiru. Ya ce in ɗan yi tsalle. Na ɗan yi tsalle. Wilin ya yi wata ƙara da ban taɓa jin ƙarfe ya yi ba, ya murɗe gaba ɗaya, gefe biyu sama, gefe biyu ƙasa. Maƙwabcina ya ce alhamdu lillahi, yanzu ya saki jiki, saura a daidaita shi da duka. Aka kawo taɓarya. Dukan farko ya sami wili, ya lotsa shi ciki. Na gaba bai sami wili ba. Turmin da aka kawo uwargida da shi ranar aure ya rabe biyu a gaban idona. Maƙwabcina ya dubi agogo, ya tuna yana da ɗaurin aure a Kurna.

Daga cikin soro na ji an ce, "Sannu da gyaran gangar Auzinawa." Na so in ba ta amsa da tarihi. In gaya mata cewa Faggen nan da take zaune tun asali zangon fatake ce, nan ayarin Azbin ke durƙusar da raƙuma a wajen ganuwa su sauke gishirin Bilma, don haka in na yi irin gyaransu gadon unguwa na raya. Amma na ga tana riƙe da rabin turmin a hannu, na bar tarihi sai wani jiƙon.

Komawa wurin saurayin bakin layi kuwa ba ta ma taso ba. Yaron da ke ce mini Kawu yana russunawa, shi zan kai wa wannan abu ya gani? Na cusa wilin a buhu na tura bayan gawayi, na yanke shawarar sayen sabo. Na kuma canza hanyar zuwa masallaci.

Sabon Gari ƙaramar hukuma ɗaya muke da ita, tsallaken titi ce daga Fagge, amma wata duniya ce daban. Turawa ne suka yanka unguwar wajen 1913, bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 ya kwaso ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu, shi ya sa har yau titunanta a miƙe suke a jere, ba irin lungunanmu ba. Kasuwarta, wadda ke ɗauke da sunan tsohon gwamna Muhammadu Abubakar Rimi, ta sha gobara, har da babbar nan ta watan Maris na 2016, amma kullum sai ta sake tashi. In ka rasa abu a Sabon Gari, to a bincika ko an ƙera shi tukuna.

Ban kai ga shiga ba wani matashi ya tare ni. "Alhaji, me ake nema? Akwai." Ban faɗi abin da nake nema ba, amma akwai. Ya ja ni ta tsakanin masu kwanuka da masu wayar lantarki, har shagon wani Ibo haifaffen unguwar, wanda Hausarsa har da karin magana. Tayoyi a rataye, sarƙoƙi a murɗe cikin leda, fedoji, ƙararrawa, ga wili iri-iri a sarƙafe a rufi suna walƙiya.

"Alhaji, wace lamba? 26 ko 28?"

"Babba," na ce.

"28 ke nan. Huda nawa?"

Wannan tambaya ba ta cikin bidiyon, ko kuma tana wurin surutun.

"Ina tsohon? Da ka zo da shi da mun ƙirga."

"Yana wurin gyara," na ce. Ban kuwa yi ƙarya ba, an gyara shi.

"To wane irin keke ne? Phoenix ne, ko Hero, ko ɗan Beljiyam?"

"Oga, wili ai wili ne. Ba ni mai kyau kawai."

Ya ɗaga kafaɗa. "Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo." Ya sauko da guda biyu, ɗaya na ƙarfe mai nauyi, ɗaya na alminiyom, marar nauyi, yana ɗaukar ido. Na zaɓi mai ɗaukar ido. Na yi ciniki har sai da ya ce in ji tsoron Allah, na fito ina jin na ci riba. A ƙasan rasit an rubuta da Turanci cewa kayan da aka saya ba a dawo da su. Matashin da ya kawo ni ya raka ni har titi, bai kuma koma ba sai da ya karɓi na shan ruwa.

Sabon wili huda ce zalla, sai an saƙa masa tsinkaye. Wannan karon na ga ya kamata in ba wasu dama su ma su ci abinci. Na yi cigiyar mai gyaran da bai san ni ba, aka kwatanta mini wani dattijo can wajen Kwarin Gogau. Na fita da sassafe kafin majalisa ta zauna, babban ɗana na biye da ni da buhu.

A gindin wata darbejiya muka same shi, gemu fari, tabarau ɗaure da zare. Shagon nasa duka-duka akwatin katako ne da ya sha baƙin mai har ya manta launin itace, da kwano mai ruwa baƙi ƙirin na neman hudar tiyub, da famfo, da wani tsohon ƙarfen gaban keke da aka kafe a kututture, bakinsa a sama. Na gane ta nan take: na'urar Baturen nan ce, ƙirar Fagge. A wuyansa akwai igiya, a jikinta ɗan makullin nan mai tsaga, ya sha hannu har yana ƙyalli.

Muka gaisa. Na fara miƙa sabon wilin, don a san da wa ake magana. Sannan yaro ya zazzage buhu. Dattijo ya daɗe yana kallo.

"Inna lillahi. Mota ce ta taka shi?"

"Rami ne, Baba."

"Rami ya yi wannan," ya nuna da yatsa. Ya shafa notocin. "Wannan filaya ce." Ya shafa lotsawar. "Wannan taɓarya ce, ko ƙotar gatari. Wa ya yi wa bawan Allah wannan aika-aika?"

"Yara ne, Baba. Ka san yaran yanzu."

Ɗana ya buɗe baki, na taka masa ƙafa. Dattijo ya juya wilin wajen haske, inda sawun takalmi ya fito raɗau da busasshen taɓo.

"Allah ya shirya mana su," ya ce. "Amma yaron nan a sa ido a kansa. Takalminsa ya kai lamba 44."

Ya ɗauki sabon wilin, ya bi hudojin da farce yana ƙirgawa: 36. Ya ɗauki cibiyar tsohon ya ƙirga: 40. "Raleigh na Ingila irin na da, 32 ne a gaba, 40 a baya, don baya ke ɗaukar kaya. Na yanzu yawanci 36 ne gaba da baya. Huda huɗun nan a ina za mu samo su? Sannan birkinka na sanda ne, cikin wili yake kamawa, ta wajen tsinkaye. Wannan kuwa na birkin waya ne mai matse gefe da gefe. Ko da ya shiga, ranar da ka biyo gangaren gada sai dai ka tsaya da salati."

Na tambaya ko tsohon sai dai a ba 'yan gwangwan. Ya ce a'a, ƙarfe ne, ƙarfe na da haƙuri. Da alminiyom ne da tuni ya tsage. Ya nuna mini benci.

Abin da na gani daga nan ba ya cikin lissafina. Bai fara da ɗauri ba. Ya bi notocin ɗaya bayan ɗaya yana ɗiga musu baƙin mai, ya bar su suka sha, shi kuma ya ci goro. Sannan ya sassauta su duka, har tsinkayen suka yi laƙwas. Waɗanda filaya ta cinye ya cire, ya zaɓo wasu daga wani gwangwanin madara. Ya kwantar da wilin a kan guntayen katako biyu, ya danna da tafin hannu da gwiwa a hankali, ya ɗaga ya runtse ido ɗaya ya duba, ya juya ya sake dannawa. Wurin lotsawar ya sa katako tsakanin guduma da ƙarfe, ya riƙa bugawa ƙasa-ƙasa, dukan da ko ƙuda ba zai kashe ba. Da ya gamsu sai ya ɗora wilin a kan ƙarfen kututturen, ya fara daga hudar bawul don ya san inda ya soma, ya riƙa zagayawa yana ba kowane noti rabonsa daidai da na ɗan'uwansa, zagaye bayan zagaye. Sai ya ɗauko guntun alli, ya riƙe dab da gefen wilin ya juya. Inda wilin ya karkato, allin ya bar farin layi. Nan ya sa ɗan makullinsa, ba ya wuce rubu'in juyi. Lokaci-lokaci ya kaɗa tsinke da farce ya kara kunne: mai sako-sako ya yi ƙara ƙasa, mai tsauri ya yi sama, shi kuma yana neman su zo murya ɗaya.

Na kasa haƙuri. "Baba, ga inda allin ya taɓa a dama, kai kuma na ga na hagu kake ɗaurewa."

Bai ɗago ba. "Mata nawa gare ka?"

"Ɗaya."

"Shi ya sa. Wili gidan mai mata biyu ne. In ka ga maigida ya karkata ɗaki ɗaya, ba wannan ɗakin za ka ƙara wa ba, ai shi ya fi ja. Ɗaya ɗakin za ka ƙara wa, ka ɗan rage wa wannan, kaɗan-kaɗan, kada a farga. In ka yi da yawa rana ɗaya, gida ya juye ɗaya ɓangaren, sai ka kwana a soro."

Yana aiki yana ba ni labari. Ya ce akwai lokacin da yara ke cika gindin bishiyar nan suna koyon sana'a, sai acaɓa ta zo ta kwashe su. Da aka hana goyo a babur a Kano farkon 2013, suka koma Adaidaita Sahu, babu wanda ya dawo. Keke ya zama na 'yan makaranta da masu talla. Yanzu kuma ga manya sun dawo da manyan riguna, sun tarar masu faci sun yi yawa, masu ɗaurin wili sun yi kaɗan, domin faci hannu ke koyon sa, ɗauri kuwa sai kunne ya nuna. Ya ƙara da cewa karkatar ramin, ita kaɗai, da kafin in shanye kofin shayi an gama. "Kowane yaro mai gyara a bakin layi zai iya." Na ce haka ne, na shiga nazarin ganyen darbejiya.

Dab da Azahar ya juya wilin, alli ya daina taɓawa. Ya ce, "Gefe da gefe ya miƙe. Amma inda taɓaryar yaran nan ta sauka ya shige ciki. Na fito da abin da zai fito, sauran sai dai ku zauna tare. Duk juyi ɗaya zai ɗan tuna maka." Ya faɗi kuɗinsa, ninkin-ba-ninkin na saurayin bakin layi. Ni da na sa Oga ya ambaci tsoron Allah, ko tayi ban yi ba.

Sabon wilin na mayar Sabon Gari. Oga ya karɓe ni hannu bibbiyu, ya nuna mini ƙasan rasit cikin ladabi, ya ce in na tashi sayen keken da zai dace da wilin zai yi mini ragi. Yanzu autana ke gara shi da kara a layi. Daga Fagge ta Kudu har Kwaciri babu yaron da ke da gare mai tsadar nasa. Uwargida kuwa ta ciro takardar nan daga kwalla, ta juya bayanta ta yi nata lissafin: mai baro, data, takalmi, turmi, wili, na shan ruwa, dattijo. Ta ce kuɗin da sun kai ni Singa a Adaidaita Sahu, ni kaɗai a baya, su dawo da ni, har bayan Babbar Sallah. Na ce mata ba a sa ilimi a ma'aunin kuɗi.

Keken dai yana tafiya. Sai dai wili mai inci 28 mita biyu da 'yan kai yake ci a juyi ɗaya, ma'ana duk bayan mita biyu sai sirdi ya ɗan sauke ni ya ɗaga, kaina ya yi ƙasa ya dawo. Tun daga ƙofar gida har Kantin Kwari haka nake tafe ina sunkuyawa. Masu shago suna ɗago hannu. Tsofaffi suna cewa Allah ya yi albarka. Wani da muka yi shekaru ba ma ga-maciji ya tare ni a hanya, idonsa ya ciko, ya ce shi ma ya yafe. Kwanan baya wasu matasa suka yi mini sallama bayan Isha'i, suka ce sun lura duk unguwar nan babu mai girmama jama'a irina, babba da yaro, ko zan daure in fito takarar kansila in gyara musu mazaɓa. Na gyara murya na ce su ba ni lokaci in yi shawara. Daga cikin soro uwargida ta ce, "In dai shi zai yi gyaran, ku fara gaya wa iyayenku su ɓoye turamensu."